Shagon da ke cikin waya: ɓarnar kaya yake ragewa, ko ciniki kawai yake ƙarawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan ɗaki a Kaduna, gadaje da kujeru da sif, sannan ina sayar da abaya da dogayen riguna ɗinkakku ta Instagram da WhatsApp. Wasu samari masu harkar kwamfuta sun zo mini da tayin su gina mini shago a cikin waya, wanda mai saye zai zaga ciki kamar yana tafiya da ƙafarsa, ya ɗora kujera a falonsa ya gani kafin ya biya, har ya gwada riga a jikin hotonsa. Sun ce manyan kantunan Turai da Amurka duk sun koma haka saboda yana kare muhalli, kuma in na yi zan iya rubutawa a tallata cewa kasuwancina mai kula da muhalli ne. 'Yata da ke jami'a kuwa ta ce kwamfutocin da ke ɗauke da irin wannan abu su ma wuta suke sha kamar me. Wanne ne gaskiya? Kuma abin ya dace da irin kasuwancina?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko wannan fasaha da gaske tana rage wa ƙasa nauyin da kasuwanci ke ɗora mata, da kuma ko ke mai sayar da gado da abaya a Kaduna za ki ga amfaninta. Samarin sun faɗi wani ɓangare na gaskiya, 'yarki ma ta faɗi nata, sai dai dukkansu sun tsallake inda maganar ta fi nauyi. Ni aikina bin sawun kaya ne, daga inda aka ƙera su zuwa sito, zuwa kanti, zuwa gidan mai saye, da komowarsu in sun komo. Da wannan idon zan duba miki lamarin.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Hoton da ke cikin waya yana taimakon muhalli ne kawai idan ya maye gurbin wani abu na zahiri: kayan da da za a ƙera amma aka fasa, ko motar da da za ta yi sawu uku amma ta yi ɗaya. Idan bai maye gurbin komai ba, ƙari ne a kan ɓarnar da ake yi, komai kyawunsa.

Abubuwa daban-daban ne aka haɗa a suna ɗaya

Masu tallar wannan fasaha sukan dunƙule abubuwa huɗu su kira su da suna guda. Akwai tabaran nan mai rufe ido gaba ɗaya, wanda in mutum ya ɗaura sai ya ga kansa a cikin wani ɗaki da babu shi. Akwai wadda ke aiki da kyamarar waya, ta ɗora hoton kujera a kan falonki na gaske, daidai girmanta. Akwai kwafin riga ko kwafin kanti da ake zanawa a kwamfuta domin ma'aikata su yi aiki da shi, mai saye bai ma san da shi ba. Sai kuma duniyoyin wasa irin su Roblox, inda ake sayar da riga da jaka waɗanda ba su da jiki, ba a taɓa su, ba a sa su.

Maganar cewa manyan kantuna duk sun koma can ba haka take ba. Abin ma ba sabo ba ne. Tun 2003 aka buɗe Second Life, wata duniyar cikin kwamfuta, kamfanin tufafi na American Apparel ya kafa shago a ciki a 2006, shekara na zagayowa ya rufe. Guguwar ta sake tashi a Oktoban 2021 lokacin da Facebook ya sauya suna zuwa Meta. Sashen kamfanin da ke wannan aiki ya yi asarar sama da dala biliyan 13 a 2022, da sama da biliyan 16 a 2023. Nike ya sayi RTFKT, mai ƙera takalman da babu su sai a kwamfuta, a Disambar 2021, sannan a Disambar 2024 aka sanar da rufe shi. Waɗanda suka zauna da gindinsu su ne biyun da ba su da hayaniya, wato kyamarar waya da zanen kaya a kwamfuta kafin a ƙera. A kan su biyun zan fi tsayawa.

Ina nauyin yake?

Bari mu fara da maganar 'yarki, domin tana da tushe. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na duk wutar lantarkin duniya a 2024, kuma tana hasashen abin zai ninka har ya zarce nan da 2030, galibi saboda ƙirƙirarriyar basira. Wannan ba ƙaramar wuta ba ce.

Amma ki aza shi a sikeli ɗaya da kayan da kansu. Kamfanin Levi's ya fitar da lissafin wandonsa samfurin 501 a 2015, daga gonar auduga har zuwa ranar da aka yar da shi, har da wankin da mai shi zai yi: lita 3,781 na ruwa da kilo 33.4 na iskar kabon, wando ɗaya tak. A ɗaya gefen, IEA ta ƙiyasta cewa kallon bidiyo ta intanet na awa guda ya fitar da kimanin giram 36 na iskar kabon a 2019. Ki raba wancan da wannan, za ki ga wando ɗaya ya kai kallon awa sama da 900. Mai duba kujera a wayarsa kuwa minti biyar ko goma yake yi, kuma mafi yawan aikin wayar ce ke yinsa, ba wata cibiya a ƙetare ba. Gwajin riga a jikin hoto ya fi cin wuta, domin kwamfutar nesa ce ke zana sabon hoto duk gwaji ɗaya, amma ko shi bai kama ƙafar rigar kanta ba.

Haka abin yake a duk kasuwancin sayar da kaya ɗai-ɗai. Wutar kanti da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ƙaramin kaso ne. Babban kason yana cikin audugar da aka noma, da rinin da aka zubar a rafi, da itacen da aka sare, da soson kujera wanda daga man fetur ake yinsa, da jirgin ruwan da ya ɗauko kwantena. Saboda haka tambayar da ta dace ba nawa ne wutar da hoton ya sha ba. Tambayar ita ce, hoton ya sa an ƙera kaya kaɗan ko da yawa, an yi jigila kaɗan ko da yawa?

Kayan da ake mayarwa

Nan ne samarin suka fi gaskiya. A Amurka, ƙungiyar masu kantuna ta ƙasa, NRF, ta ce a 2023 an mayar da kayan da kuɗinsu ya kai dala biliyan 743, kashi 14.5 cikin ɗari na duk cinikin shekarar. Na intanet kaɗai ya kai kashi 17.6. Can al'ada ce mutum ya yi odar riga iri ɗaya girma uku, ya gwada a gida, ya riƙe ɗaya ya mayar da biyu. Kayan da aka mayar kuma ba duka ke komawa kan kanta ba. Dubawa da gogewa da sake naɗewa sukan fi ribar rigar tsada, sai a haɗa su da waɗanda suka yi kwantai a sayar wa 'yan sari da arha, ko a lalata su. Kamfanin tufafi na Burberry ya bayyana da kansa cewa ya ƙone kayan fam miliyan 28.6 a shekarar kuɗinsa ta 2017 zuwa 2018, sai da aka yi masa ca ya daina. Faransa ta kafa doka a 2020 da ta hana lalata kayan da ba a sayar ba, Tarayyar Turai ma ta bi sawu da dokar 2024 wadda ta hana manyan kamfanoni lalata tufafi da takalma daga Yulin 2026.

Ƙarshen wannan igiya yana wajenmu. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a kasuwar Kantamanto ta Akara ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari a bola suke ƙarewa. Mafi yawansu tsofaffi ne da aka bayar, amma har da sababbin da suka rasa mai saye. Duk wanda ya taɓa ganin an ɓalle dilar gwanjo a Ƙofar Wambai ya san wani lokaci akan tarar da riga da takardar farashinta a maƙale.

To fasahar tana rage wannan? A kayan ɗaki, alamu sun nuna tana ragewa. Kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya fitar da manhajarsa ta ɗora kujera a falo a 2017. Kantin Macy's na Amurka ya gwada tabaran hange a sashen kayan ɗaki na rassa uku, ya sanar a 2018 cewa mayar da kaya a cinikin da aka yi ta wannan hanya ya sauko ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Gado abu ne mai tauri, tsawonsa da faɗinsa ba sa canzawa, ɗakin ma haka. Kwamfuta ta iya wannan lissafin sarai.

A shagunan kayan ɗaki da na yi aiki da su a Kano da Kaduna, dalilan komowar kaya ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne dai. Gado ya cinye ɗaki har murfin sif ba ya buɗuwa. Kujera mai cin mutum uku ta ƙi shiga ƙofa, ko ta ƙi juyawa a kwanar bene. Launin yadin ya saɓa da labulen da aka riga aka ɗinka. Lokacin biki abin ya fi tsanani, domin dangin amarya ne ke saye, ɗakin kuma na gidan ango ne, sau da yawa ba a auna shi ba sai ranar jere. Daga nan a sake loda kaya a buɗaɗɗiyar mota, su sha ƙura da gurzuwa, kafinta ya kwance ya rage. Katakon nan na MDF kuwa ba ya jure kwancewa da ɗaurewa sau biyu, ramin kusa sai ya saki, sif ɗin da ya kamata ya shekara goma ya fara lilo tun amarya ba ta yi haihuwar fari ba. Wannan ɓarna ce ta gaske, kuma kyamarar waya tana iya kashe matsala ta farko, wato gado ya cinye ɗaki, gaba ɗaya, in an samu wanda zai shiga ɗakin da waya kafin a biya. Ta biyun tef ɗin awo ne maganinta. Ta ukun zan dawo kanta.

A tufafi labarin ya sha bamban. Babban kantin Amurka na Walmart ya sayi kamfanin Zeekit mai gwajin riga a hoto a 2021, Google ya fito da nasa a 2023. Dukkansu suna nuna yadda rigar za ta yi kama a jiki, amma ba sa faɗa miki ko za ta matse a kafaɗa, ko yadin na da zafi, ko yana nuna jiki in an shiga rana. Yadi abu ne mai zuba da miƙewa, jikin mutum ma ba katako ba ne. Da a ce fasahar ta gama da matsalar, da kantin tufafi na Zara bai fara cajin kuɗin mayar da kaya a Ingila a 2022 ba.

Lamba ta biyu da Macy's ya faɗa

A sanarwar nan guda da ta yi maganar kashi 2, Macy's ya kuma ce yawan abin da mai saye ke kashewa ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin ɗari idan ya ɗaura tabaran. Masu maganar muhalli sukan ɗauki lambar farko su bar ta biyun, alhali ta biyun ce ta sa kanti ya zuba kuɗinsa. Wanda ya zo sayen kujera ya ga falonsa a tsare da tebur da fitila da darduma, sai ya tafi da su duka.

Ki yi lissafin da kanki. A ce a da cikin kaya 100 ana mayar da 6, yanzu ana mayar da 2, an tsira daga jigilar guda 4. Amma in kayan da aka sayar sun tashi daga 100 zuwa 160, an ƙera ƙarin 60. Ta fuskar muhalli an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da irin wannan tun 1865: da injuna suka fara cin gawayin kwal kaɗan, sai yawan kwal ɗin da ƙasar ke ƙonewa ya ƙaru, saboda aikin ya yi arha kowa ya shiga.

Adalci ya sa in ƙara da cewa ba lallai ƙarin nan duka sabuwar buƙata ba ce. Mai yiwuwa mutumin da ma zai sayi teburin a wani kanti, sai kawai cinikin ya sauya hannu. A kayan ɗaki ina ganin wannan na faruwa sosai, domin babu mai sayen gado biyu don ya ga hoto mai kyau. A tufafi masu arha ne abin ke ba ni tsoro. Gidauniyar Ellen MacArthur ta nuna a 2017 cewa cikin shekara 15 yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya kusan ninkawa, yayin da adadin sawar da ake yi wa riga kafin a yar da ita ya ragu da kashi 36 cikin ɗari. Duk abin da ya sauƙaƙa saye a irin wannan kasuwa, ya cire ɗan jinkirin da ke sa mutum ya sake tunani, ƙara wa tulin yake yi.

Ba ina cewa ƙarin ciniki laifi ba ne, Hajiya. Don riba kika buɗe shago, kuma halal ce. Abin da nake cewa shi ne a kira kowane abu da sunansa. Idan samarin sun ce abin zai ƙara miki ciniki, wannan magana ce ta kasuwa, a auna ta da kuɗi. Idan sun ce zai kare muhalli, wannan wata magana ce dabam mai neman hujjarta.

Inda na fi ganin alherinta

Amfani mafi girma yana can bayan kanti inda mai saye ba ya gani. Kafin riga ta fito kasuwa, manyan kamfanoni sukan ɗinka samfur, a aika da shi ta jirgin sama daga masana'anta a Bangaladash ko Sin zuwa ofis a Turai, a ce a gyara wuya, a sake ɗinka wani a sake aikowa, haka har a daidaita, sannan a ɗinka wasu na nuna wa 'yan sari a kowane launi. Manhajoji irin su CLO da Browzwear suna ba mai zane damar yanka yadi da ɗinka shi a kwamfuta ya ga zubinsa. Kamfanin tufafi na Tommy Hilfiger ya sanar a 2019 cewa zai mayar da duk zanen tufafinsa wannan hanya. Nan hoto ya maye gurbin riga ta gaske da tafiyar jirgi ta gaske, kuma bai ingiza kowa ya ƙara saye ba. Kantin kayan gini na Lowe's ma ya nuna kwafin wasu rassansa biyu a kwamfuta a 2022, domin a gwada sauya tsarin kantoci kafin a taɓa na zahiri.

Matakin da ke gaba da wannan shi ne kada a ƙera kaya sai an samu mai saye. Abin da ke burge ni shi ne wannan tsari da kamfanonin ƙetare ke kashe miliyoyi don su kai gare shi, mu a cikinsa muka tashi. Mutum ya sayi shadda ya kai wa tela, a auna shi, a ɗinka daidai jikinsa, babu kwantai, babu mayarwa. Kafinta ya karɓi kafin alƙalami sannan ya yanka katako. Rauninsa ɗaya ne: mai saye ba ya ganin abin sai an gama, shi ya sa mai shago ke cika wuri da saiti iri-iri don a ga zahiri, wasu su shekara suna shan rana har yadin ya koɗe a karyar da su. A nan fasahar za ta yi miki aiki na haƙiƙa. Ki ajiye saiti ɗaya na kowane fasali domin a zauna a kai a ji laushinsa, sauran launuka da girma a nuna su a waya, a ƙera bayan an biya. Kuɗinki bai kwanta ba, katako da soso ba su tafi a banza ba, kuma ba kya buƙatar ƙara hayar shagon gefe.

Na'urorin da kansu

In samarin sun kawo maganar sayen tabaran hange a ajiye a shago, ki dakata. A 2018 Walmart ya raba tabarau samfurin Oculus Go guda 17,000 ga rassansa don horar da ma'aikata. A 2020 kamfanin da ke ƙera shi ya daina sayar da samfurin. Irin waɗannan na'urori saurin tsufa gare su, ga batir, ga gilashi, ga ƙarafa masu wuyar haƙowa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kashi 22.3 cikin ɗari kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A garuruwanmu kin san inda take ƙarewa, hannun 'yan jari bola, a ƙona robar waya a ciro tagulla, yara na shaƙar hayaƙin.

Wayar da ke hannun mai saye an riga an ƙera ta, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na hayaƙin da waya ke jawowa a rayuwarta a wajen ƙira yake, kamar yadda lissafin Apple na wayoyinsa ke nunawa. Don haka tsarin da ke aiki a wayar da ake da ita ya fi wanda ke neman sabuwa nesa ba kusa ba. Ki sani kuma ba kowace wayar Android ce ke iya ɗora hoto a kan kyamara ba, Google na da jerin waɗanda ya amince da su, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba sa ciki. Ki sa a gwada a Tecno da itel da Infinix ɗin da abokan cinikinki ke riƙewa, da datarsu, ba a babbar wayar mai tallar ba. Haka nan in tsarin zai sa ki kafa babban allo a shago kina tayar masa da janareta, ki tuna kowace litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kusan 2.7. Yini guda na janareta zai iya cinye duk abin da hoton ya tanada.

Kayan da babu su sai a wasa kuwa ba zan ɓata miki lokaci a kansu ba. A 2021 an sayar da jakar Gucci ta cikin Roblox a kan sama da dala 4,000, fiye da kuɗin ta fata. Ana cewa irin wannan zai rage sayen tufafin gaske, amma mutum ba ya fita unguwa da rigar cikin wasa, kuma kamfanonin talla suke yi da su don a sayi na zahirin.

Abin da zan ba ki shawara

Lambobin da na kawo na Macy's daga bakin kamfanin suka fito, a gwajin rassa uku, a ƙasar da mayar da kaya ya zama al'ada. Kasuwarmu ba haka take ba. Da yawa ba sa mayarwa ko da abin bai yi musu ba, sai su bayar ko su sayar da asara, don haka ɓarnar takan ɓuya. Ban ga littafin shagonki ba, kuma ingancin manhajar da za su gina sai mai sana'ar ya duba miki. Abin da zan iya tsaya miki a kai shi ne yadda za ki auna.

Kafin ki biya ko sisi, ki yi wata uku kina rubuta duk kayan da ya komo ko aka yi ƙorafi a kansa, da dalilin, da kuɗin mota, da abin da gyara ya ci. Ki rubuta saitin da ya wuce wata shida bai fita ba. Idan kika ga girma da rashin dacewa da ɗaki ne suka fi yawa, ki karɓi ɓangaren ɗora kaya a falo, ki fara da gadaje da kujerun da suka fi fita, kamar guda goma. Shagon da ake zagawa ciki ki bar shi tukuna, data yake ci, kuma bidiyon da kike ɗauka da wayarki yana yin kusan aikinsa.

Maganar launi da na ce zan dawo kanta: kada ki dogara da allo. Kowace waya da yadda take nuna ja da ruwan ƙasa, hasken ɗaki ma na canza shi. Ki yanka ƙyallayen yadin kujerunki ƙanana ki haɗa su kamar littafi, a ba mai saye ya je ya kara da labulensa. A abaya kuma ba na ganin gwajin hoto zai biya kuɗinsa a yanzu. Riga ce mai yalwa, abin da ke sa a ƙi ta tsawo ne, da hannu, da nauyin yadi. Ki rubuta awon kowace ɗaya da inci, ki faɗi tsawon wadda ta sa ta a hoto, ki ɗauki ɗan bidiyo a hasken rana ana ɗaga yadin ana sakinsa. Wannan zai rage miki komowar kaya fiye da manhajar.

Rubuta "mai kula da muhalli" a talla kuwa, ban ba ki shawara ba. A Ingila hukumar kula da gasar kasuwanci ta binciki masu sayar da tufafi ASOS da Boohoo da Asda a 2022 a kan irin waɗannan kalamai, a 2024 suka sa hannu cewa ba za su ƙara faɗin abin da ba su fayyace ba. Ko babu hukumar da za ta tuhume ki, faɗin abin da ba ki auna ba algus ne a ciniki. Bayan shekara guda, in littafinki ya nuna komowar kaya ta ragu, ki faɗi hakan da lambarsa, ki faɗi cewa ba kya yanka katako sai an yi oda.

Sannan a yarjejeniyarku da samarin a rubuta cewa zanen kowane gado da kujera mallakarki ne, su ba ki fayil ɗinsa a tsarin da kowa ke iya buɗewa, wato GLB na Android da USDZ na iPhone, kuma ya buɗe kai tsaye daga mahaɗin da za ki tura ta WhatsApp ba sai an sauke wata manhaja ba. Ƙananan kamfanonin fasaha suna yawan rufewa ko sauya sana'a. In fayilolin na hannunki, wani zai ɗora daga inda suka tsaya, kafintanki ma zai iya ɗaukar awo daga ciki.